Amosanin Gaɓɓai Mai Tafiya Da Ciwon Fata: Shawarwari 12 Kan Rage Zafi Da Kauce Wa Illar Magani

Akwai ciwon da ke shigowa gida ta ƙofa biyu. Galibi fata ce ke fara nuna alama: tabo mai kauri ya fito a gwiwa, ko gwiwar hannu, ko tsakiyar kai, ko kewayen cibiya, yana saɓa fari-fari yana ƙaiƙayi. A jikin baƙar fata tabon ba ja yake fitowa ba, ya fi kama da ruwan toka ko duhu-duhu, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa makero, ko kirci, ko amosanin kai mai taurin kai. Likitoci na kiransa soriyasis. Bayan shekaru, sau da yawa wajen goma, sai gaɓoɓi su karɓa. Yatsa guda ya kumbura tun daga gindi har kai, agara da dunduniya su hana taka ƙasa, farce ya yi 'yan ramuka ko ya ɗago daga nama, ƙugu ya sanƙare da asuba. Kusan mutum 3 cikin 10 masu soriyasis na iya kai wa ga wannan mataki, maza da mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50.

Abin da ya fi damuna game da wannan ciwo shi ne yadda yake juya wa mutum tunani. Zafi na tura majinyaci wajen maganin da ke aiki nan take amma yana cin ciki da ƙoda, tashin zuciya kuma na korarsa daga maganin da ke aiki a hankali, wanda shi ne ke ceton gaɓoɓinsa. Aikin mutanen gida shi ne su taimaka a juya wannan lissafi. Ga shawarwari goma sha biyu.

1. Ku san abin da kuke fama da shi

Wannan ciwo ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma kuturta ba ce. Garkuwar jiki ce ta rikice ta juyo tana yaƙar fata da gaɓoɓin mai ita. Ba a ɗaukarsa ta hanyar gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciyar aure, don haka babu dalilin ware wa majinyaci buta ko shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince tun 2014 cewa soriyasis babbar cuta ce marar yaɗuwa, ana kuma ware 29 ga Oktoba kowace shekara don wayar da kai a kanta.

Magungunansa kashi biyu ne. Akwai masu rage zafi da kumburi na 'yan sa'o'i, akwai kuma masu kwantar da garkuwar jiki su hana gaɓa lalacewa. Na farko kamar fifita hayaƙi ne, na biyu shi ne zuba wa wutar ruwa. Gaɓar da ta riga ta cinye ba ta dawowa, saboda haka a nemi likitan gaɓoɓi ko na fata da wuri. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Maiduguri.

2. Ku buɗe wa ciwon littafi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma gaban likita mutum kan manta. A sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta gaɓar da ta yi ciwo, minti nawa sanƙarewar safe ta ɗauka kafin ta saki, tsananin zafi daga 1 zuwa 10, da duk ƙwayar da aka haɗiya, har wadda maƙwabciya ta bayar. Idan majinyaci ba ya rubutu, ɗa ko 'ya su ɗauki nauyin. Ranar asibiti a tafi da littafin da kwalayen magungunan gaba ɗaya a leda. Sanƙarewar da ke wuce minti 30 kullum alama ce cewa wutar ba ta mutu ba.

3. Ɗumi ga sanƙarewa, sanyi ga kumburi

Gaɓar da ta ƙage da safe ɗumi take so. A ɗora ruwa tun kafin asuba, a yi wanka da alwala da ruwan ɗumi, a tsoma hannu cikin roba ana buɗe yatsu ana rufewa. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau kuwa sanyi take so: a naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi cikin tawul a ɗora. Kowanne kada ya wuce minti 15 zuwa 20, kada kuma a ɗora shi kai tsaye a kan fata ko a kan tabon da ya tsage. Gasa gaɓa da garwashi ko ruwa mai tafasa ba ya ƙara komai sai ƙuna, ƙunar kuma na iya zama sabon tabon soriyasis.

4. Kada a kwanta wa ciwon, kada kuma a yi masa jarumta

Zafin wannan ciwo zama ne ke ƙara shi, motsi ke sassauta shi. Tafiyar minti 20 zuwa 30 a hankali, bayan asuba ko bayan la'asar, ta fi kwanciyar yini amfani. Wanda bai saba ba ya fara da minti 5. Ranar da gaɓa ta tashi, a hutar da ita, amma a riƙa lanƙwasa ta ana miƙewa a hankali don kada ta ƙage. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi na asibiti na koyar da motsin da ya dace da kowace gaɓa.

A cikin gida, a sauƙaƙa aiki. Daka, matse wanki da ɗaukar bokiti da yatsu sun fi komai wahalar da hannu, sai a raba su ga wasu. A ɗauki tukunya da hannu biyu. A naɗa tsumma a hannun muciya da ludayi ya yi kauri. A canza kujera 'yar tsuguno da mai tsawo, a sa takalmi mai laushin dunduniya ko a tsakar gida. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi, shari'a ta ba shi damar yin salla a zaune, kada kunyar idon jama'a ta hana shi karɓar sauƙin da Allah ya yi masa.

5. Magungunan kashe zafi: ɗaya tak, kuma ba a kan yunwa ba

Ibufurofen, dikulofenak, nafuroksen, firoksikam da asfirin duk 'yan gida ɗaya ne. Suna rage kumburi sosai, amma suna iya jawo gyambon ciki, su raunana ƙoda, su ɗaga hawan jini. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa biyu ko uku lokaci guda, musamman a cikin haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda a kemis ba tare da suna ba. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa. Garin neman gira kada a rasa ido.

A sha guda ɗaya wanda likita ya zaɓa, bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa, kuma na ɗan lokaci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai juna biyu da dattijo kada su taɓa su sai da izinin likita. Idan dole ne a daɗe ana sha, likita kan haɗa da omefurazol don kare ciki. Nau'in shafawa ya fi sauƙin illa ga gaɓa ɗaya ko biyu, muddin fatar wurin lafiya take.

Farasitamol ya fi sauƙi a ciki, amma shi ma yana da iyaka: ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda, tazarar aƙalla awa 4, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. A lura cewa yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi. Tiramol da kodin kuwa ba sa taɓa kumburin ko kaɗan, sai dai su bar mutum da jarabar da ta fi ciwon wuyar rabuwa.

6. Metotireksat: sau ɗaya a mako, ba kullum ba

Wannan shi ne maganin da aka fi farawa da shi don kwantar da ciwon daga tushe, a jikin kwali ana rubuta shi Methotrexate. Babu shawarar da ta fi wannan nauyi a duk rubutun nan: sau ɗaya ake shansa a mako. Mutane sun rasa rayukansu saboda sun sha shi kullum bisa kuskure. Yakan zo a ƙananan ƙwayoyi masu miligiram 2.5, likita ya ce a haɗiye adadi kaza a rana guda. Akwai kuma mai miligiram 10 da ke kama da shi, don haka duk lokacin da aka sayo sabo a duba lambar jikin kwali.

A zaɓi rana ɗaya, a rubuta ta da babban baƙi a kan kwalin da jikin kalanda, kowa a gida ya san ta. A ajiye shi daban da sauran magunguna, inda hannun yara ba ya kaiwa. Idan an manta aka tuna cikin kwana 2, a sha. Idan ya wuce haka a tambayi likita, kada a ninka.

Ana haɗa shi da folik asid, wanda ke rage yawancin illolinsa, amma ba a rana ɗaya ake shan su ba. Sannan a yi haƙuri. Maganin kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji canji, a nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su watsar. Sannu ba ta hana zuwa.

7. Illar magani ba dalilin gudu ba ce, dalilin komawa likita ce

Tashin zuciya, kasala washegarin shan magani, ƙuraje a baki da ɗan zubar gashi su ne suka fi yawa da metotireksat, kuma kusan kowanne yana da dabara. A sha shi da daddare bayan tuwo don a yi barci a kan tashin zuciyar. A zaɓi daren da washegarinsa babu aiki mai nauyi. A ci abinci kaɗan-kaɗan marar maiƙo, shayin citta ma na taimaka wa wasu. Ga baki, buroshi mai laushi da kurkura da ruwan gishiri mai ɗumi, a rage yaji. Idan abin ya ƙi, likita na iya ƙara folik asid, ko ya mayar da maganin allurar ƙarƙashin fata, ko ya canza wani.

Sauran 'yan uwansa ma kowa da halinsa. Salfasalazin na mayar da fitsari ruwan lemo, wannan ba abin tsoro ba ne, amma mai ƙyamar magungunan salfa ya sanar tun farko. Lefulunomid na iya kawo gudawa ya ɗaga hawan jini.

Illar da ta fi haɗari ita ce wadda ba a ji: raunin hanta da raguwar ƙwayoyin jini. Gwajin jini ne kaɗai ke gano su. Ana yinsa kamar kowane mako 2 a farko, daga baya ya koma wata-wata, har ya kai duk wata 3. Kuɗin gwaji ɓangare ne na kuɗin magani, a sa shi cikin lissafin gida. Kafin a fara ma sai an duba ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki, domin ciwon hanta na B ya yawaita a ƙasashenmu kuma mutum kan ɗauke shi shekaru bai sani ba. Giya da metotireksat ba sa haɗuwa.

8. Zazzaɓi ya zo? Kada a sayi magani da ka

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da zazzaɓin cizon sauro ke ziyarta kowace damina. Septrin, wanda ake sha barkatai don tari da gudawa, yana da mummunan haɗari idan ya gamu da metotireksat, domin tare suna iya durƙusar da ɓargon da ke samar da jini. Fansidar ma hanyarsu ɗaya. Kulorokwin kuwa na iya tayar da soriyasis ya bazu a jiki, haka wasu magungunan hawan jini irin su furofuranolol da atenolol.

A rubuta sunan maganin da majinyaci ke kai a 'yar takarda ta zauna a aljihu ko jaka, a nuna wa duk likita, nas ko mai kemis kafin ya ba da komai. Zazzaɓi ya zo, a je a yi gwaji, a kuma tambaya ko za a dakatar da maganin mako har a warke. Jiƙe-jiƙe da tsimi su ma hanta da ƙoda ne ke tace su, babu kuma wanda ya san adadin abin da ke cikin kofi guda. Kada a ɗora wa hanta kaya biyu.

9. Hattara da maganin da ke warkarwa cikin dare ɗaya

Firedinisolon da deksametazon, ƙwaya ko allura, na sa mai ciwon gaɓa ya tashi garau washegari, shi ya sa ake son su. Daɗewa a kansu na kawo kumburin fuska, ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da saurin kamuwa da cuta. Ga mai soriyasis akwai ƙarin haɗari: yanke su farat ɗaya na iya sa fata ta ɓarke gaba ɗaya, ta yi ja ko ta feso da ƙuraje masu ruwa, har a kwantar da mutum. Wanda ya riga ya yi makonni yana sha kada ya daina yau, ya je likita ya rage masa daki-daki. Irin wannan sinadari na ɓoye a cikin ƙwayoyin ƙara ƙiba da mayukan bilicin da yawa. Man da likita ya rubuta don tabo, a shafa shi siriri, a wurin da aka ce, na kwanakin da aka ce.

10. Alluran zamani na son sanyi da taka-tsantsan

Idan magungunan farko sun gaza, akwai allurai irin su adalimumab, etanasef da sekukinumab, masu toshe takamaiman sinadarin da ke hura kumburi. Suna aiki ƙwarai a fata da gaɓa, sai dai tsada. Kafin a fara dole a binciki tarin fuka, domin ƙwayarsa na iya kwanciya shiru a jiki, allurar ta tashe ta.

Ana ajiye su a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a sashen ƙanƙara ba. Wadda ta daskare ta lalace. Inda wuta ba ta tsayawa, a shirya da sashen magani na asibiti su ajiye, a riƙa karɓa a kula mai ƙanƙara. A fito da ita minti 15 zuwa 30 kafin a yi don rage raɗaɗi, a riƙa canza wuri tsakanin cinya da ciki, kada a soka a kan tabo.

Mai shan duk wani maganin da ke kwantar da garkuwa ya nisanci mai ƙarambau ko ƙyanda. Maniyyaci kuma ya sanar da likitansa tun da wuri: rigakafin zazzaɓin shawara na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa irinsa sai an tsara. Na sanƙarau ba shi da wannan matsala.

11. Maganar ciki da shayarwa a yi ta tun kafin a fara

Metotireksat na zubar da ciki, yana kuma nakasa jariri. Lefulunomid ma haka, shi har yana iya zama a jiki kusan shekara 2 idan ba a wanke shi da wani magani ba. Matar da ke kansu tana buƙatar tsarin iyali mai inganci, kuma ba ta shayarwa da su. Mai son haihuwa ta faɗa wa likita, za a tsayar da metotireksat aƙalla wata 3 kafin ɗaukar ciki, wasu likitoci ma 6 suke cewa, a mayar da ita kan wanda ya dace da mai juna biyu. Idan ciki ya shiga ba shiri, a dakatar a garzaya asibiti a ranar. Maigida mai shan salfasalazin ya sani yana iya rage ƙarfin haihuwarsa, amma yana dawowa bayan an daina. Wannan magana ta miji da mata ce tare, kunya ba ta da wuri a cikinta.

12. Hunturu, azumi da ranar da ba a jira gari ya waye

Iskar hunturu na busar da fata ta tsattsage tabo. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ban da dirza da soso, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki na da danshi. Duk inda fatar mai soriyasis ta ji rauni sabon tabo na iya fitowa, saboda haka ƙaho, tsaga da sakiya ba nasa ba ne. A azumi, maganin mako ana iya shansa bayan buɗa-baki, amma shan magungunan kashe zafi ga jikin da ya yini ba ruwa na wahalar da ƙoda. A zauna da likita tun watan Sha'aban a tsara.

Ƙiba na ƙara wa gwiwa nauyi, kitse kuma na hura kumburi. Rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki na sa magani ya fi kamawa. Taba a bar ta. A riƙa auna hawan jini da suga, domin masu wannan ciwo sun fi sauran mutane haɗarin ciwon zuciya.

Waɗannan alamomi kuwa asibiti ake nufa da su nan take: baƙin bayan gida ko aman jini, zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro, busasshen tari da haki, ido ko fitsari ya yi shawara, zubar jini daga dasashi ko hanci ba dalili, baki ya cika da gyambo, kumburin ƙafa da raguwar fitsari, gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ido ya yi ja yana ciwo yana gudun haske, domin wannan ciwo na taɓa cikin ido, jinkiri kuma na iya cin gani.

Kira ga mutanen gida

Mai wannan ciwo na ɗauke da kaya uku: zafin gaɓa, gajiyar da ba a gani, da kallon da mutane ke yi wa fatarsa. Matar da ta kasa tashi da asuba ba lalaci ba ne, magidancin da ya daina zuwa majalisa ba girman kai ba ne. Idan kun ga ya yi shiru ya janye jiki, ya daina cin abinci ko barci, ku zauna da shi, ku kuma faɗa wa likita, domin damuwa ma tana da magani. Har yau ba a sami abin da ke tumɓuke wannan ciwo ba, amma da magani a kan ƙa'ida mutane da yawa na noma, suna koyarwa, suna renon 'ya'yansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ya riƙe ranar magani, wani ya riƙe ranar gwaji, wani ya karɓi turmi da wanki. Ku miƙa masa hannu ku gaisa a gaban jama'a, ku ci abinci tare da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya ladan haƙuri.